Shin Zukatan Jama'a Na Iya Karkata Lambobin Na'ura? Tambayoyi da Amsoshi Daga Damagaram

Ni malamin lissafi ne a wata lise a nan Damagaram. Tun da wani faifan bidiyo ya shiga yawo a WhatsApp, yana cewa masana a Amurka sun tabbatar da cewa tunanin jama'a na juya na'ura, ban huta ba. Ɗalibai su tare ni a bakin aji, abokai su tare ni a fada kafin shayin farko ya nuna, har wani dattijon unguwarmu ya aiko jikansa ya kira ni. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Na sa musu lamba don in riƙa mayar da ku wata amsar idan ta shafi wata.

1. Wane bincike ne wannan da ake ta magana a kai?

Sunansa Global Consciousness Project, ana taƙaita shi da GCP. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Nelson, wanda ya daɗe yana aiki a jami'ar Princeton ta Amurka, shi ya kafa shi a 1998. Ya rarraba wasu ƙananan na'urori a ƙasashe daban-daban, a gidaje da ofisoshin ƴan sa-kai, kowace tana haɗe da kwamfuta tana aika lambobi ta intanet dare da rana. Da abin ya bunƙasa sun kai wajen 70, mafi yawansu a Turai da Amurka. Masu aikin na kiran su "ƙwai".

Abin da suke son sani shi ne: idan wani babban al'amari ya faru, miliyoyin mutane suka mai da hankali wuri guda cikin tsoro ko murna ko jimami, shin lambobin da ƙwayayen nan ke fitarwa za su sauya hali? Nelson ya ce sun sauya. Yawancin masana kimiyya ba su yarda ba. Faifan da kuka gani ya ɗauki maganar Nelson ya bar ta sauran.

2. Me ake nufi da na'urar ƙuri'a, kuma yaya take aiki?

Ɗauki dala ashirin ka jefa sama, kamar yadda alƙalin wasa ke yi kafin a take ƙwallo. Ko ta faɗi a kan fuska ko a kan baya, ba wanda ya san wanne kafin ta sauka. Na'urar ƙuri'a wannan aikin take yi, sai dai ba da ƙarfe ba. A cikin kayan lantarki akwai wata ƴar hayaniya da ba ta tsayawa, irin shuuu ɗin da rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha. Na'urar na auna hayaniyar ta mayar da ita 0 ko 1. Babu lissafin da zai gaya maka lambar da za ta biyo.

Kowane ƙwai na yin jifa 200 a cikin sakan ɗaya, ya ƙirga 1 nawa ya samu, ya aika. Idan komai lafiya, adadin na kai-komo ne a kusa da 100. Kamar sau bakwai cikin goma yana faɗawa tsakanin 93 da 107, kuma da wuya ya sauka ƙasa da 86 ko ya haura 114. A rana akwai sakan 86,400. Ku ninka da ƙwai 60 ko 70, ku sake ninkawa da shekaru goma sha bakwai, za ku ga tulin lambobin da ake magana. Ku riƙe girman tulin nan a rai, zai yi mana amfani a tambaya ta 6 da ta 7.

Abu ɗaya da mutane ke kuskurewa: masu binciken ba sa cewa 1 ta fi 0 yawa lokacin tashin hankali. Abin da suke aunawa shi ne ko ƙwayayen, waɗanda ba abin da ya haɗa su, suna ɗan karkata gefe guda a cikin sakan guda. Kamar a ce mutum a Maradi da mutum a Agadas kowa na jefa dalarsa, sai aka ga sakamakonsu na ɗan yin kama fiye da yadda ya kamata.

3. Nelson ne ya fara wannan tunani?

A'a. A shekarun 1930 J. B. Rhine ya riƙa sa mutane a jami'ar Duke su jefa ƴaƴan ludo suna ƙudurta lambar da suke so. Wajen ƙarshen shekarun 1960 wani Bajamushe masanin fiziks, Helmut Schmidt, ya ƙera na'urar ƙuri'a ta lantarki don a daina zargin hannun mai jifa. A 1979 kuma Robert Jahn, shugaban sashen injiniya na Princeton, ya buɗe wani ɗakin gwaji mai suna PEAR tare da Brenda Dunne. A nan ake zaunar da mutum ɗaya gaban na'ura, a ce ya so lamba ta hau ko ta sauka. A nan Nelson ya yi aiki. An rufe ɗakin a 2007.

Daga mutum ɗaya Nelson ya koma taro, yana ɗaukar ƙaramar na'ura zuwa wuraren kiɗa da na bukukuwan ibada. Da aka yi jana'izar Gimbiya Diana a watan Satumba na 1997, shi da abokansa suka tattara lambobin na'urori kusan goma sha biyu, suka ce sun ga karkata. Bayan mako guda aka yi jana'izar Uwa Teresa a Indiya, suka sake gwadawa, ba su ga komai ba. Labarin Diana ya zagaye duniya, na Teresa kuwa sai wanda ya tona.

4. To, me suka ce sun gano a ƙarshe?

Daga 1998 zuwa ƙarshen 2015 sun yi rajistar al'amura 500. Na farko shi ne harin bam a ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a watan Agusta na 1998. Akwai girgizar ƙasa, igiyar tsunami ta Disamba 2004, jana'izar Fafaroma John Paul na biyu a 2005, zaɓen Obama a 2008, daren shiga sabuwar shekara, tarukan addu'a da na neman zaman lafiya. Da suka haɗa sakamakon duka, suka ce yiwuwar a samu irin wannan karkata bisa katari kawai bai kai ɗaya cikin tiriliyan ba, wato miliyar dubu.

Amma karkatar kowane al'amari shi kaɗai ƴar mitsitsiya ce. Da za a ba ku lambobin ranar tsunami da na wata Talata da ba abin da ya faru, ba za ku iya bambance su da ido ba. Al'amura da yawa ba su nuna komai ba, wasu ma sun karkata ta baya, kishiyar abin da aka zata. Shi kansa Nelson ya sha faɗa cewa al'amari ɗaya ba ya zama hujja, sai an tara. Game da tiriliyan ɗin, duba tambaya ta 6.

5. Gaskiya ne na'urorin sun "ji" harin 11 ga Satumba kafin ya faru?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ce faifan ya fi zuzutawa. Ga abin da ya faru. Bayan harin da aka kai Amurka da jiragen sama a 2001, masu aikin suka zaɓi wani tsakanin lokaci na awa huɗu da minti goma, daga jim kaɗan kafin jirgi na farko ya bugi bene, suka auna. Sun samu karkata irin wadda katari kan kawo kamar sau uku cikin ɗari. Abin lura ne, amma ba abin girgiza duniya ba. Daga baya suka koma cikin lambobin suna gwada wasu hanyoyin lissafi, a nan ne aka fito da zanen da ke nuna kamar layin ya fara hawa awanni kafin harin.

Wasu masana biyu, Edwin May da James Spottiswoode, waɗanda su ma ba maƙiyan irin wannan bincike ba ne, suka sake lissafin. Suka nuna cewa da an ɗan rage tsawon lokacin da aka zaɓa ko an ɗan ƙara, sakamakon zai koma yadda katari ke bayarwa, kuma akwai ranakun da ba abin da ya faru amma layin ya yi irin wannan hawan.

Ni dai ga yadda nake kallonsa. A filin kokowa kowa ya san mutumin nan da sai an yi kaye yake miƙewa ya ce, "Ni dama na faɗa, tun shigowarsa na ga ƙafarsa ba ta taka daidai." Kafin kayen ba wanda ya ji ya faɗa. Ƙwayayen nan ba su taɓa ba da gargaɗin wani bala'i kafin ya auku ba. Duk "hangen" da ake jingina musu, bayan an san labarin aka gano shi.

6. Malam, kai mai lissafi ne. Ɗaya cikin tiriliyan ai ya wuce katari, ko ba haka ba?

Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya yi mini wannan tambayar, kuma tana da kyau. Lissafin kansa ba kuskure. Amma abin da lambar ke cewa shi ne: in dai an bi ƙa'ida tsaf, in dai an zaɓi al'amari da lokacin farawa da na gamawa da hanyar awo ba tare da wani tasiri daga lambobin ba, to da wuya katari ya kawo wannan. Duk nauyin maganar na kan wannan "in dai".

Wa ke yanke cewa al'amari ya isa a kira shi na duniya? Nelson da ƴan kusa da shi. Wa ke yanke ko za a auna awa uku, ko shida, ko kwana guda? Su ne. A shekarun farko tsawon lokacin da hanyar awon sukan sauya daga wannan al'amari zuwa wancan, sai daga baya aka ƙara ɗaure ƙa'idar. Sun ce suna rubuta zaɓinsu kafin su buɗe lambobin, kuma ban da dalilin ƙaryata su. Sai dai karkatar da ake nema ƙarama ce ƙwarai, don haka ɗan sassaucin da ba a yi da gangan ba, in ya maimaitu sau ɗaruruwa, ya isa ya tara babbar lamba. Mai awon gero da tiyarsa ta ɗan lotsa ba ya cutar kowa a tiya ɗaya, amma a buhu dubu sai ka ga buhuna sun ɓace. Babbar lamba na gaya maka cewa akwai wani abu da ba katari ba. Ba ta gaya maka ko abin a zukatan jama'a yake, ko a lotsewar tiya.

Ga misalin da nake ba ɗalibai. Lissafi ya nuna cewa a cikin mutum 23, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta haura rabi. Na taɓa gwadawa da takardun ajina, sai na tarar da tarin yara duk an haife su 1 ga Janairu. In ka lissafa yiwuwar haka bisa katari, lambar za ta fi tiriliyan ban tsoro. Amma kowa a Nijar ya san dalilin: wanda ba a yi wa takardar haihuwa da wuri ba, in aka zo yi masa daga baya, sau da yawa wannan ranar ake sa masa. Katari bai kawo shi ba, haka ne, kuma ba wani sirrin sama ba ne.

7. Amma na ga zanen da idona, layin ya miƙe ya yi sama. Gani ai ya kori ji.

Zanen da kuka gani na tarawa ne. Ana ɗora karkatar kowane sakan a kan ta baya, kamar ɗan caca da ke rubuta jimillar ci da faɗuwarsa. Irin wannan layi, ko da tsantsar katari ke tafiyar da shi, yakan yi doguwar tafiya sama ko ƙasa kafin ya juyo, har ka rantse wani abu ke jan shi.

Kowace shekara ina yin wani wasa a aji. In raba yara biyu, in fita waje. Rabi su jefa dala sau 100 su rubuta abin da ya faɗo, rabi kuma su ƙirƙiro jifa 100 daga kansu. In na dawo, kusan kullum ina gane na gaske. Su ne masu jerin fuska biyar ko shida a jere, wani lokaci bakwai. Masu ƙirƙira ba sa yarda su wuce uku ko huɗu, don a ganinsu jeri mai tsawo "bai yi kama da katari ba". Yaran kan ɗauka ina da wani asiri. Idon ɗan Adam na neman tsari ko'ina, yana ganin raƙumi a gajimare, kuma katari na gaske ya fi yadda muke zato dunƙulewa.

8. Wasu masanan sun maimaita gwajin sun samu abu ɗaya?

A nan ne ƙafar binciken ta fi rauni. Ɗakin PEAR ya ce a gwajin mutum ɗaya da na'ura ya samu karkata ta kamar jifa biyu ko uku cikin dubu goma. Aka kuma lura cewa mutum ɗaya tak daga cikin waɗanda aka gwada shi ya kawo kusan rabin sakamakon. Sai aka shirya babban maimaici tsakanin Princeton da wasu ɗakunan gwaji biyu a Jamus, a Freiburg da Giessen, aka amince da ƙa'ida tun farko. Da aka buga sakamakon a shekarar 2000, babban abin da ake nema bai fito ba, har a Princeton ɗin kanta.

A 2006 wasu masana uku, Bösch da Steinkamp da Boller, suka tattara gwaje-gwaje 380 na irin wannan. Suka ga akwai ƴar karkata, amma ƙananan gwaje-gwaje ne ke nuna ta da ƙarfi, manya kuwa kusan babu. Suka ce hakan na iya faruwa idan wanda ya samu sakamako ya buga, wanda bai samu ba ya ajiye takardunsa a kabad. Abu na gaske, in ka ƙara yawan awo sai ya ƙara fitowa fili. Wannan kuwa ƙara dusashewa yake.

9. An ce wani daga cikinsu ma ya juya baya. Haka ne?

Peter Bancel ake nufi, masanin fiziks da ke zaune a Faransa, wanda ya shafe shekaru yana tantance lambobin GCP tare da Nelson. A 2017 ya buga nazarinsa. Ya yarda akwai karkata a cikin lambobin, amma ya ce ba ta dace da bayanin "tunanin duniya" ba, ta fi dacewa da wani abu da ke rataye da masu zaɓen al'amuran da lokutansu. Shi Bancel bai fita daga yarda da ɓoyayyen ƙarfin zuciya ba, yana ganin wataƙila na masu gwajin ne. Mai shakka kuwa zai ce ai maganar tambaya ta 6 ce ta dawo da wata riga.

Ɗaya daga cikin dalilansa na da daɗin fahimta. Don kada zafi ko tsufan na'ura su sa ta fifita 1 ko 0, ana tace lambobin kafin a ƙirga. A wasu na'urorin, hanyar ita ce a kifar da rabin jifar bisa wani tsari da aka tsayar, 1 ta koma 0, 0 ta koma 1. To idan zukatan jama'a na tura hayaniyar lantarkin gefe guda, wannan tacewar za ta shafe turin. Kafin tasirin ya tsira, sai ya san tsarin tacewar kowace na'ura da daidai inda take a cikinsa a wannan ƙiftawar ido. Wani masanin taurari na hukumar NASA, Jeffrey Scargle, ya ɗaga irin wannan tambaya tun 2002.

10. Kenan yaudara ce?

Ban ɗauke ta yaudara ba. Sun bar lambobinsu a buɗe kowa ya sauke, sun jera al'amuran da suka ba su kunya tare da waɗanda suka faranta musu, kuma da waɗannan lambobin ne masu suka suka yi aikinsu. Mayaudari ba ya buɗe rumbunsa haka. Mutum na iya zama mai gaskiya ya kuma yi kuskure, musamman in ya ba abu shekara ashirin na rayuwarsa. Inda yaudara take shi ne wajen masu faifan, da ke cewa "jami'ar Princeton ta tabbatar". Jami'ar ba ta ɗauki aikin a matsayin nata ba. Wata cibiya mai zaman kanta a Kalifoniya, Institute of Noetic Sciences, wadda ɗan sama-jannati Edgar Mitchell ya kafa a 1973, ita ta riƙa tallafa masa.

11. Wannan bai nuna cewa addu'ar taro na aiki ba? Ai muna fita roƙon ruwa.

Dattijon da ya aiko a kira ni, wannan ce tambayarsa. Na ce masa: Baba, ku gafarce ni, amma abubuwan biyu ba hanyarsu ɗaya ba. Idan damina ta yi jinkiri muka fita filin idi, ba gajimare muke turawa da ƙarfin tunaninmu ba. Allah muke roƙo, in ya so ya ba mu, in ya so ya jinkirta. Masu GCP kuwa cewa suke zukatan mutane da kansu, ba tare da sun roƙi kowa ba, ba tare da sun ma san akwai na'ura ba, suna taɓa lantarki. A jerinsu taron addu'a da daren sabuwar shekara da bala'i duk awo ɗaya ake musu.

Don haka ina jan kunnen ƙannenmu masu ɗora faifan suna rubuta "kimiyya ta gaskata addu'a". Wanda ya jingina imaninsa da ƙwan Nelson, me zai ce ranar da aka nuna masa sakamakon Freiburg da Giessen na tambaya ta 8? Hukuncin addini kuma na malamai ne, ba na mai alli da allon lissafi ba. Abin da na sani dai shi ne ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani ya ambaci ƙuri'ar da aka yi a jirgin Annabi Yunusa, da jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ana komawa ga ƙuri'a ne don son ran mutum ba ya juya ta.

12. To kambun baka da maita fa, ba irin wannan ba ne?

Binciken bai taɓa su ba. Bai auna tasirin mutum a kan mutum ba, ko a kan dabba, ko a kan gona. Lambobin 0 da 1 kawai ya auna. Duk wanda ya kawo muku sunan Princeton don ya sayar muku da laya ko ya nuna muku wata tsohuwa da yatsa, ya ɗora wa binciken kayan da bai ɗauka ba.

13. Idan na mai da hankali sosai, zan iya jawo lambar caca ko sakamakon ƙwallo?

A'a. Ko da mun karɓi maganar PEAR ɗungurungum, jifa biyu ko uku ne cikin dubu goma, alhali rabon da mai gidan caca ke yanka wa kansa ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Gidajen caca na duniya cike suke da mutanen da ke ƙudurta lamba da dukan zuciyarsu dare da rana, kuma ribar gidajen na fitowa yadda lissafi ya tsara. Jaka biyun da ɗan kabu-kabu ya yini yana nema cikin rana, gara ta tafi ga cefane.

14. Har yanzu ana ci gaba da aikin?

An rufe jerin al'amura 500 a ƙarshen 2015. Daga baya wata cibiya a Kalifoniya mai suna HeartMath Institute ta ɗauki ragamar sabon zubi da ake kira GCP 2.0, da niyyar baza na'urori masu yawa fiye da na farko. Yawan na'ura abu ne mai kyau, amma ba shi zai warware matsalar tambaya ta 6 ba. Abin da zai sa in gyara zama shi ne a tsayar da ƙa'idar zaɓen al'amari da tsawon lokaci tun kafin komai ya faru, ta yadda ba hannun mutum a ciki, sannan wasu masanan da ba su yarda da abin ba su kafa nasu ƙwayayen su samu sakamako iri ɗaya.

15. Za mu iya gwadawa a nan Damagaram, misali ranar hawan salla?

Za ku iya, kuma zan so ɗaliban jami'ar André Salifou ko na lise su yi, don ko ba a gano komai ba za a koyi yadda ake gwaji. Ranar hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko daren da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ke buga babban wasa, ko ranar ƙarshe ta kokowar takobi, duk lokuta ne da hankalin gari ke haɗuwa wuri guda. Sai dai kada ku dogara da manhajar salula. Yawancinsu ba hayaniyar lantarki suke aunawa ba, lissafi ne ke fitar da lambobin, kuma lissafin ya riga ya ƙayyade abin da zai biyo. In babu na'urar gaske, ku yi da dala: a sa ta cikin gwangwani a girgiza a kife, don hannu kada ya saba da jifa iri ɗaya.

Kafin ranar, ku rubuta komai a takarda: ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tsaya, jifa nawa, wane lissafi za a yi, kuma wane sakamako ne za ku kira nasara, wanne za ku kira faɗuwa. Ku sa hannu, ku ba wani malami ya kulle. Ku zaɓi wasu ranakun banza, ku yi musu awo iri ɗaya a lokaci iri ɗaya. Wanda zai yi lissafin kada ya san wace takarda ce ta ranar hawa. In da na'ura kuke aiki, ku lura da zafi, don watan Afrilu da Mayu a nan ana haura digiri 40, kayan lantarki kuma na sauya hali da zafi da ɗaukewar wuta. Ku rubuta zafin ɗakin kowace awa.

Ku sani kuma cewa a ma'aunin da aka saba, gwaji ɗaya cikin ashirin zai fito kamar "ya yi" ko da babu komai. Idan fada ashirin suka gwada, akwai yiwuwar ɗaya ta samu abin mamaki, kuma ita ce za ta yi faifan bidiyo. Don haka ku yi alkawari tun farko cewa duk fadar da ta shiga za ta kawo takardarta, ta ci ko ta faɗi. Masu so su same ni bayan tashi daga aji ranar Laraba, ina da gwangwanaye da takardar da muke cikewa.